Mai keke a gabanka, tan 30 a bayanka

"Maigida, jiya a hanyar Pitoa mun bi bayan wani tsoho mai keke da buhun gawayi kusan rabin kilomita, ya ƙi sauka gefe. Kai kuma ba ka danna masa hon ba, har na bayanmu suka fara zagi. Ba mu ne ke da hanya ba? Mu ke biyan inshora da takardu, shi ko dala bai biya ba."

Zauna, yarona. Tun jiya na ga tambayar nan a fuskarka, kuma na ji daɗi da ka fito da ita, domin yaron motar da ya haɗiye ta shi ne gobe zai kama sitiyari da ita a ciki.

Ka fara cire wannan magana ta "mu ke da hanya" daga bakinka. Takardun da muke biya kuɗin ƙarfen da muka hau ne da haɗarin da ke tattare da shi, ba kuɗin sayen kwalta ba ne. A idon doka keke abin hawa ne, mai tuƙa shi kuma matuƙi ne kamar ni. Dokar hanya da muke aiki da ita ta ƙasashe 6 ce na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, da mu Kamaru da Chadi duk muna ciki, shi ya sa in ka haye gadar Ngueli daga Kousseri ka shiga Njamena ba ka sake koyon tuƙi. Tsohon nan yana hannun damansa, yana tafiya inda muke tafiya. Bai karya komai ba.

Ka ce ya ƙi sauka gefe. Ka duba gefen kuwa? Ni na duba. Damina ta cinye bakin kwaltar, akwai gangare mai kusan taki ɗaya, ƙasa kuma rairayi ne. Keken da ke ɗauke da buhu a baya gabansa ba shi da nauyi, da tayar gaba ta taɓa rairayi sai ta murɗe. Kuma mutum ba ya zaɓar inda zai faɗi. Yana iya faɗawa daji, yana iya faɗowa ƙarƙashin tayoyinmu. Ga shi jiya Lahadi, ranar kasuwar Pitoa, motoci na ta fitowa ta ɗaya hannun, babu sararin da zan buɗe in wuce shi. Abin da ya rage mini shi ne in sauke giya in jira. Lissafa abin da muka yi asara: rabin kilomita a gudun keke bai kai minti 3 ba, a tafiyar da ta haura kilomita 200 kafin Maroua.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka a kai, don shi ne ainihin sana'ar. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarka ta sauka kan birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, in kana garau ke nan, ba barci, ba waya a kunne. Wato ka riga ka ci mita 17 birki bai fara aiki ba. Sannan nisan da birkin kansa ke buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau 2, nisan tsayawa sau 4 yake ninkuwa. Ka ɗora tan 30 na auduga a kan wannan, ka ɗora iskar birki da sai ta bi bututu kafin ta isa tayoyin baya. Mai keke yana iya sa ƙafa a ƙasa ya tsaya inda yake. Mu ba mu da wannan gata.

In za ka wuce shi, ba shi fili. A Faransa dokarsu ta yanke mita 1 a cikin gari, mita 1 da rabi a wajen gari, ni kuwa da babbar mota ba na yarda da ƙasa da mita 2 in hanya ta ba ni. Dalili shi ne iska. Kan mota yana tunkuɗe iska ya ture mai keke waje, da tsakiyar bodi ta zo daidai da shi sai iskar ta juyo ta janyo shi ciki. Ka taɓa tsayawa bakin hanya tirela ta wuce ka ji rigarka ta bi ta? To, haka take yi wa mutumin da ke kan tayoyi biyu sirara da jarkoki a rataye. Kuma kada ka koma hannunka sai ka gan shi cikakke a madubin dama, da shi da kekensa. Sabon direba kan manta tsawon abin da yake ja. Kan motar ya wuce, sai ya ɗauka duka motar ta wuce.

Hon kuwa ba bulala ba ne. Ka taɓa shi sau ɗaya tun daga nesa, don ya san kana tafe ya gyara zama. In ka bari sai kana gindinsa ka danna masa hon ɗin iska, zai firgita ya waiwayo, kuma duk wanda ya waiwaya ta hagu a kan keke hannunsa kan ja kan keken ya bi hagu, wato gabanka.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina shekarata ta biyu da karɓar lasin babbar mota, a cikin garin Garoua, na zo zan karya kwana ta dama. Na buɗe hagu kaɗan kamar yadda tirela ke buƙata, na kunna sigina, na duba madubi, ban ga kowa ba. Ashe wani magidanci ya ga filin da na bari ta dama ya ɗauka hanya na ba shi, ya shigo da kekensa daidai ƙarƙashin ƙofar da kake zama, wurin da madubi ba ya kamawa. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi su matso ciki. Ihun mutane ne ya tsayar da ni. Keken ya zama kamar an tauna shi, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka zo aka auna, an ce shi ya shigo inda bai kamata ba. Na je duba shi sau da yawa, na ga 'ya'yansa ƙanana a bakin gado, kuma wallahi maganar cewa ba laifina ba ne ba ta taɓa sa na yi barci mai daɗi a watannin nan ba. Tun daga ranar, kafin in karya dama sai na rage gudu kamar mai tafiya a ƙasa, sai kuma yaron mota ya leƙa ya ce mini babu kowa. Shi ya sa nake yi maka tsawa in na ga kana danna waya a kwana. Idona na dama kai ne.

Tunda ka kawo zancen inshora, bari in ƙarasa maka shi. Inshorar ƙasashenmu tana ƙarƙashin dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. A cikinta, wanda mota ta ji wa rauni alhali shi ba matuƙin abin hawa mai inji ba ne, kamar mai tafiya a ƙasa ko mai keke, ana biyansa diyyar raunin jikinsa ko da kuskuren nasa ne, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Ka ga waɗanda suka rubuta dokar sun san wa ke riƙe da ƙarfe, wa ke tafe da ƙashi da tsoka kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Kada ka ɗauka ina wanke masu keke ne. Suna da nasu, kuma kai ma kana cikinsu, tunda da keke kake zuwa tasha da asuba. Ka bi hannun dama, ka tafi inda motoci ke tafiya. Wannan ɗabi'a ta bin hagu wai don ka riƙa ganin motar da ke zuwa, ta mai tafiya a ƙasa ce, ba ta mai keke ba. In kana gudun 15 ni ina 60, muka fuskanci juna, 75 ke nan muke haɗuwa, in kuwa bayanka nake bi, 45 ne, kuma ina da lokacin yin shawara. Jar wuta ta tsayar da kai kamar yadda ta tsayar da ni. A mararrabar da babu alama, wanda ya fito ta damanka shi ke fara wucewa, ko keke ne ko tirela. In za ka juya ka miƙa hannu tun da wuri, ka waiwaya kafin ka karkata. Kada ka kama bodin mota don ta ja ka a hawa, kada ka kutsa tsakanin babbar mota da bakin hanya ko da tana tsaye. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Sai fitila. Nan ne zuciyata ta fi tashi. Keke na buƙatar birki mai ci, da ƙararrawa, da farar fitila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya. Amma ka duba abin da muke gamuwa da shi bayan magariba tsakanin Figuil da Maroua: baƙin keke, baƙar riga, itace a gicciye ya fi faɗin kafaɗa, ga hazon hunturu ya sauko, ga na gaba ya ƙi rage babbar fitila ya dalle maka ido. A wannan hali ba ka ganin mutum sai kana kansa. Don haka in wata mota ta dalle ni, ba na ƙara wuta in rama, ina ɗaga ƙafa ne, in riƙa zaton akwai wani a cikin duhun da ke damana. Sau da yawa kuma akwai shi.

Na lura kekenka ba shi da ko ɗaya daga cikin fitilun nan, birkin bayansa ma da waya ka ɗaure. Karɓi wannan, ka biya wurin mai gyaran keke yau kafin ka tafi gida, ka kuma sa ya manna maka jan ƙyalli a bayan sirdi. Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki hanyar Ngaoundéré bayan sallar asuba. Ka goge madubin dama da kyau, ka ajiye wayarka a aljihu. Daga gadar Binuwai har mu fara hawan dutse, duk keken da ka hango ka faɗa mini da baki kafin ni in gan shi, ka kuma gaya mini abin da ya ɗauko da yadda gefen hanyar yake a inda yake.