Kan MGB ɗin nan da ka turo min hotonta

Kai yaro na ga saƙonka tun da asuba. Wai ka ga MGB, tsohuwar motar nan ƙirar Ingila, ta 1969 ana sayarwa, fayil ɗinta kauri guda, rasit tun na mai ita na farko, har da satifiket ɗin Heritage na gidan tarihin motoci da ke Gaydon, kuma mai ita yace ba ta buƙatar MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara shekara, shin ka saya ko ka bari. Da niyyata in ƙyale ka sai Litinin mun haɗu a gareji, amma maganar nan taka ta "Oga takardunta a cike suke" ita ta hana ni komawa barci, don da ita aka yanke ni, kuma har yau in na tuna sai naji ɗaci a maƙogwaro.

Ba zan tsaya koya maka duba baƙin mai ko sauraron inji ba, shekara uku kana miƙo min sifana, in har yanzu ba ka iya wannan ba toh ka koma wankin mota. Injin MGB ma ba abin tsoro bane, 1798cc ne silinda huɗu da kafireto biyu na kamfanin SU, an ƙera motar nan sama da rabin miliyan a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, kayanta har gobe ana bugawa sababbi. Inji in ya mutu kwana nawa ne. Abin da ke cin mutum bodi ne da kuma asalin motar.

Shekara ashirin da ɗoriya kenan, ban daɗe da zuwa Birmingham ba, ni da na ƙware a Fijo 504 da 404 a Kaduna har ana kawo min mota daga Zariya da Kafanchan, na tara kuɗi da gumin goshina zan aika gida a ɗora rufin ginin da na fara. Sai naga talla, MGB buɗaɗɗiya ta 1966, ja, bamba mai ƙyalli. Lissafina in saya in ɗan gyara in sayar da bazara in aika kuɗin da riba. Na shiga jirgin ƙasa na je wani ƙauye, dattijo ne fari tas da furfura, ya zaunar dani a kicin ya haɗa min shayi, ya ɗauko fayil ya ajiye a gabana. Wallahi yaro ban taɓa ganin takardu irin waɗannan ba, tsohon koren littafin rajista na da, takardun MOT na shekara da shekaru a jere mil yana hawa daidai babu tsallake, rasit na taya, rasit na kuloci, hoton wata mata da yara a jikin motar a bakin teku, ga satifiket ɗin Heritage yana cewa lamba kaza mai farawa da GHN3 ta fito daga masana'anta ranar kaza launinta ja. Awa ɗaya da rabi ina karatun takarda, motar kuwa minti goma sha biyar na ba ta, ga yayyafi ga magariba ta kawo jiki, na duba farantin lamba ya yi daidai da takarda, na tuƙa ta zuwa ƙarshen layi na dawo, na ƙirga masa kuɗi a hannu.

Akwai abu biyu da suka taɓa min zuciya a wurin. Lambar inji ta fara da 18V, ita kuwa ta 1966 18GB ya kamata, yace ai an canja inji, ya zaro rasit. Giya ta ɗaya kuma tana shiga sumul mota na tafiya, alhali kafin ƙarshen 1967 giya ɗaya ba ta da sinkiro sai ka tsaya, yace ai an sa mata giyabos na baya don sauƙi, mutane na yin haka, ya sake zaro rasit. Duk tambayar da na yi akwai takardar da ke jiranta, mutumin nan ya shirya min kamar mai jiran baƙo.

Sati biyu bayan nan na ɗaga murfin bayan kujeru zan duba batir. MGB ta wancan zamanin batir biyu gareta masu bolt 6, kowanne da gidansa hagu da dama, ko da mutum ya mayar da ita batir ɗaya mai 12 gidajen nan biyu suna nan. Tawa gida ɗaya ne, kuma ba yanka aka yi ba, haka aka buga ƙarfen. Jikina yayi sanyi. Na ɗaga ta sama na shiga ƙarƙashi da fitila, ramin giya mai faɗi ne irin na baya, mazaunin lagireto an tura shi gaba irin na motocin 1977 zuwa sama, bakin shasi ta gaba ga shatin inda aka yanke maƙalar bambar roba aka shafe da walda aka bi da baƙin fenti. Wato motar ƙarshen shekarun 1970 ce mai bambar roba, wadda tun 1974 aka ɗaga mata tsawo saboda dokar Amurka kuma kowa ya san ba ta kai ta farko daraja ba, aka rage mata tsawo aka sa mata bamba mai ƙyalli da dashbod na da, aka ciro faranti daga wata ta 1966 da tsatsa ta cinye aka manna mata. Takardun duk na gaskiya ne, ko ɗaya babu na jabu, sai dai na wata mota ce da ta daɗe a bola.

Ka san me yasa suke yi? A lokacin doka ita ce motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1973 ba ta biyan harajin hanya, ta bayan nan tana biya, sai a 2014 aka dawo da lissafin shekara 40 mai tafiya. Toh ga kuɗin haraji ga bambancin farashi, faranti kuwa ɗan ƙarfe ne da ƙusa biyu.

Na koma ƙauyen har sau biyu. Na farko yace shi ma haka ya saye ta, na biyu ko ƙofa bai buɗe ba, ina ganin labule na motsi. Wani abokin aiki yace min ka yi shiru ka sayar yadda ka saya, wa zai sani. Nace ni ba zan ci haram ba, ba abin da ya rabo ni da gida kenan ba. In ka kai maganar DVLA, hukumar rajistar motoci da ke Swansea, kuma motar da aka kasa tabbatar da shekarunta ko asalinta lamba mai Q ake ba ta, kuma da ta ɗauki Q masu sayen irin waɗannan motoci ko kallonta ba sa yi. Ƙarshe kwance ta na yi na sayar gunduwa gunduwa, ban mayar da rabin kuɗina ba, ginin nan damina biyu ya sha babu rufi har bango ɗaya ya zube, mahaifiyata Allah ya jiƙanta ba ta kwana a cikinsa ba. Wannan dattijo ban yafe masa ba.

Saboda haka satifiket ɗin da kake ta murna da shi, mutanen British Motor Museum a Gaydon littafin masana'anta suke buɗewa su kwafo maka abin da aka rubuta a kan wannan lamba, ranar ƙira da launi da inda aka aika ta, ba su taɓa ganin motar da ke gabanka ba. V5C ma, wato takardar rajistar mota, a jikinta an rubuta ba shaidar mallaka bace. Aikinka ka ɗauki takarda a hannu ɗaya fitila a ɗaya ka ga ko ƙarfen ya yarda da abin da takarda ta faɗa. Ta 1969 GHN4 ko GHN5 zaka gani in buɗaɗɗiya ce, GHD in GT ce mai rufi, gidan batir biyu, ka ɗaga kafet da bayan dashbod ka nemo asalin launi. In an sa mata sabon bodi na kamfanin British Motor Heritage, wanda suke bugawa tun 1988, ba laifi bane ko kaɗan, amma a faɗa kuma a nuna rasit ɗinsa da hotunan aikin.

Maganar ba ta buƙatar MOT kuwa, tun 2018 motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata, wannan gaskiya ne, amma ni mai motar da yake alfahari da wannan tsoronsa nake ji, mai kula da motarsa yana kai ta gwaji ko ba a tilasta shi ba. MGB ba ta da shasi daban, dogarin da ke ƙarƙashin ƙofa shi ke riƙe da ita, ƙarfe ne hawa hawa kuma daga ciki yake ruɓewa saboda gishirin da suke zubawa a titi da hunturu, a waje kuwa foti da fenti sai sheƙi. Ka sa jak ka ɗaga ta ka buɗe ƙofa ka rufe, in ta cije ko tazarar sama ta canja ka ajiye masa makullinsa. Maganaɗisu kuma, na gane inda aka cike bodi da foti, ban san sau nawa zan ce ka riƙa yawo da shi a aljihu ba.

Ku yaran yanzu hoto 40 a waya ya ishe ku, har ka fara tambayata fetur E5 mai ƙarancin itanol ko E10 zaka zuba mata kai da ko ƙarƙashinta ba ka leƙa ba. E5 ne, kuma ka tambaye shi ko an gyara kan silinda don mai mara dalma. Kar ka tura masa ko fam ɗaya na kafin alƙalami. Ka kira shi kace Asabar da safe zamu zo mu biyu, da hasken rana ba da yamma ba, kar ya tayar da ita kafin mu iso ina so in taɓa injin da sanyinsa, kuma kace masa a ajiye fayil ɗin a cikin gida sai na fito daga ƙarƙashinta, shayi ma ba na sha. Ka zo da babban jak ɗin nan da fitilar da ka ara tun watan jiya ba ka dawo da ita ba.