Jam'iyyarmu ta canza shugaba ta canza magana ana dab da zaɓe, ya matsayin rantsuwar da nayi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan jam'iyya ne kuma ina cikin masu yi mata kamfe, har rantsuwa na taɓa yi da Allah a gaban jama'a cewa bazan bar tafiyar nan ba sai an kai ga zaɓe. Toh yanzu saura 'yan watanni zaɓen ƙasa sai aka sauke shugabanmu aka kawo wani, shi kuma sabon ya zo ya juya manufofi, abinda muka dinga faɗa wa mutane cewa baza muyi ba yanzu shi ake cewa za'ayi, wasu alƙawuran kuma anyi gum kamar ba'a taɓa ɗaukarsu ba. Da muka yi magana sai manyanmu suka ce dabara ce, wai yaƙi ɗan zamba ne, har hadisi suka kawo mana. Malam wannan ba munafunci bane? Kuma in na janye na ci amana?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya saka maka da alheri da ka damu har ka tambaya, da yawa ana shiga irin wannan ba'a waiwayar me shari'a ta ce.

Canza shugaba dai ba laifi bane a karan kansa indai an bi ƙa'idar da kuka yarda da ita a tsarin jam'iyyar ba'a yi maguɗi ko sayen deliget ba. Sayyidina Umar da ya karɓi halifanci shekara ta 13 bayan hijira ya sauke Khalid bin Walid daga jagorancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Khalid kuma ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa. Ya kuma sauke Sa'ad bin Abi Waƙƙas daga Kufa, daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ba don gazawa ko ha'inci ya sauke shi ba. Kaga kenan ana iya sauke mutumin kirki saboda maslaha, wannan ɓangaren kar ya tsaya maka a rai.

Inda maganar take da nauyi shine canza manufa, kuma anan nake so ka nutsu domin mutane suna haɗa abu biyu da shari'a ta raba su. Akwai wanda ya ga sabuwar hujja ko yanayi ya sauya sai ya fito ya ce jama'a jiya munce kaza, yau mun ga kaza ya fi, ga dalilinmu. Wannan ba munafuki bane, yabonsa ma ake yi. A wasiƙar da Umar ya rubuta wa Abu Musa Al-Ash'ari akan alƙalanci ya ce masa kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ka sake dubawa ka gane ta, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa akan ɓata. Shi kansa Umar ɗin ya yanke hukunci a wata mas'alar gado ya hana 'yan'uwa shaƙiƙai, da irinta ta sake zuwa sai ya haɗa su da 'yan'uwa na uwa a cikin sulusi, da aka tuna masa na farkon bai musa ba, cewa yayi wancan yana kan abinda muka hukunta wannan kuma yana kan abinda muke hukuntawa yanzu. Imamu Shafi'i yana da tsohon ƙauli na Iraƙi da sabon ƙauli na Masar inda ya rasu shekara ta 204, kuma almajiransa sun adana duka biyun babu wanda aka ɓoye. Ko a siyasar zamani an ga haka, jam'iyyar Labour ta Birtaniya bayan Tony Blair ya zama shugabanta a 1994 ta canza sashe na huɗu na tsarinta wanda yake magana akan mallakar masana'antu a hannun al'umma tun 1918, amma a fili aka yi, aka kira taro a 1995 aka kaɗa ƙuri'a, mai so ya zauna mai ƙi ya san inda dare yayi masa, sannan suka shiga zaɓen 1997. Ba wai ina yabon manufar ba, hanyar nake nuna maka.

Na biyun kuma shine wanda baya faɗin cewa ya canza, ko yazo wajen waɗannan ya faɗi magana ya je wajen waɗancan ya faɗi kishiyarta, ko ya ɗauki alƙawari alhali tun lokacin da yake furtawa ya san bazai cika ba ƙuri'a kawai yake so. Wannan kam haramun ne babu wata kwana-kwana. Annabi (SAW) ya ce zaka samu mafi sharrin mutane shine mai fuska biyu, wanda yake zuwa wa waɗannan da fuska ya je wa waɗancan da wata fuskar, yana cikin Bukhari da Muslim, haka hadisin alamomin munafuki uku, in yayi magana yayi ƙarya in yayi alƙawari ya saɓa in aka amince masa ya ci amana. Sai dai ka kula, wannan munafuncin aiki ne, bama fitar da mutum daga musulunci da shi, kar ka je kana kafirta kowa a soshiyal midiya.

Hadisin da manyanku suka kawo kuwa, alharbu khud'a, wato yaƙi ɗan zamba ne, ingantacce ne amma wallahi sun ɗora shi inda ba wurinsa ba kuma abin yana min ciwo duk sanda na ji shi a bakin 'yan siyasa. Magana ce akan abokin gaba a fagen fama, shi talakan da zai yi layi ya jefa maka ƙuri'a yaushe ya zama abokin gabarka? Ai amanarsa kake nema. Kuma ko a yaƙin na gaske Imamu Nawawi ya kawo cewa malamai sun yarda da dabara ne matuƙar babu warware alƙawari ko amana a ciki. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa Ƙuraishawa sun kama su a hanya, basu sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin baza su yi yaƙi tare da Annabi ba, suka zo suka faɗa masa ana shirin Badar, musulmi ɗari uku da 'yan kai kowane mutum ɗaya ana buƙatarsa, amma ya ce ku koma, zamu cika musu alƙawarinsu mu nemi taimakon Allah akansu, Muslim ya ruwaito. Alƙawari ne fa da aka yiwa mushirikai ana cikin matsi. Toh ina ga wanda aka yiwa jama'ar da ake so a shugabanta.

Dabarar da ta halatta tana da faɗi, kuna iya ɓoye lokacin da zaku sanar da abu, ku yi haɗaka da wata jam'iyya, ku sassauta akan wani abu domin ku samu wanda ya fi shi, a Hudaibiyya shekara ta 6 Annabi ya yarda aka cire "Manzon Allah" daga takardar sulhu. Ƙarya da yaudara ne basu shiga ciki ba. Sannan malaman Malikiyya a mashhurin ƙaulinsu suna cewa alƙawari yana zama dole in wanda aka yiwa ya shiga wani abu saboda shi, kuma ni a fahimtata wanda ya bada ƙuri'arsa ko dukiyarsa ko lokacinsa saboda maganar da aka faɗa masa ya shiga wannan babin ta fuskar zunubi, dole a cika masa ko a fito a bashi uzuri na gaskiya.

Rantsuwarka kuma, shiga jam'iyya ba mubaya'a bace, yarjejeniya ce ta taimakekeniya akan manufa, Allah ya ce a Suratul Ma'ida ku taimaki juna akan alheri da taƙawa kada ku taimaki juna akan saɓo da ƙetare iyaka. In ka bincika ka ga sabuwar manufar akwai zalunci a ciki ko ana so ka yaudari mutane, ka janye, baka ci amana ba, sai dai kayi kaffara saboda hadisin Abdurrahman bin Samura, in ka rantse akan abu sai ka ga waninsa ya fi alheri kayi kaffarar rantsuwarka ka aikata wanda ya fi. Kaffarar tana aya ta 89 a Ma'ida, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ikon ko ɗaya ba sai yayi azumin kwana 3, ba'a tsallakewa zuwa azumi alhali ana da halin ciyarwa. In kuwa canjin na ijtihadi ne babu haram a ciki, kawai ranka ne bai so ba ko don maigidanka aka sauke, toh cika rantsuwarka ya fi. Ka binciki zuciyarka sosai anan, domin cikin mutum uku da Allah bazai yi musu magana ba ranar alƙiyama akwai wanda ya yiwa shugaba mubaya'a don duniya kawai, in an bashi ya cika in an hana shi ya juya, duk da jam'iyya ba mubaya'a bace halin dai iri ɗaya ne.

Ko ka zauna ko ka fita akwai abu ɗaya da ya zama wajibi a kanka, mutanen da ka faɗa wa tsohuwar magana suka yarda saboda sun yarda da kai, ka koma ka sanar da su cewa an canza tun kafin ranar zaɓe, kuma kar ka ƙara tallata alƙawarin da ka san an riga an watsar da shi ko da umarnin shugabanni ne, babu biyayya ga abin halitta wajen saɓa wa Mahalicci. In akwai kuɗin kamfe ko kayan jam'iyya a hannunka ka mayar musu kafin ka tafi, sirrinsu da ba cutar da jama'a yake ba kuma ka riƙe shi.

Wallahu a'alam.