Karatun injiniyan sauti: kiɗa ne ko ilimi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tahoua ne, bana na samu bak D. Shekara uku ke nan ina bin wani maigidana mai kayan sono, muna ɗaura baful, wato lasifika, a wuraren biki da wa'azi. Ina son in karanci harkar sauti a jami'a, amma mahaifina ya ce wannan ba karatu ba ne, kiɗa ne. Da gaske akwai wannan karatu? Me ake koyo, kuma ina zan nufa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da samun bak, Allah ya sa albarka. Karatun yana nan. Kada ka ga laifin Baba, abin da idonsa ke nuna masa ke nan: samari sun loda baful a amalanke sun nufi gidan amarya. Sai dai ranar da ka shiga aji, allo za ka tarar cike da lissafi da fizik, ba kalangu ba. In gudun lissafi ne ya kawo ka, tun wuri ka sake shawara.

Ka taɓa tsayawa a sahun baya ranar Idi, ka ji kabbarar liman sau biyu, ɗaya na bin ɗaya? Jama'a su ce mikiro ne ba shi da kyau, alhali mikiro ba ruwansa. Sauti tafiya yake yi cikin iska, mita 343 a sakan ɗaya idan zafi yana digiri 20, a zafin Ader kuwa na watan Afrilu, digiri 40, yakan kai wajen mita 355. Ita kuma muryar da ta bi waya nan take take isa. To in ka kafa baful na biyu mita 70 daga na farko, wanda ke tsaye gindinsa zai fara jin muryar daga gare shi, sai bayan kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ta na gaba ta iso masa. Maganin shi ne a jinkirta na bayan da wajen milisakan 200, su iso kunne tare. Maigidanka zai iya shekara ashirin yana canza mikiro bai gano wannan ba.

Haka batun ƙarfi. Masu sono suna son alfahari da wat: nawa dubu ne, na wane ɗari biyar. Amma daga wat 500 zuwa 1000 desibel 3 kacal ka ƙara, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ƙara wajen desibel 10, wato ka ninka wat ɗin sau goma. A fili kuma, duk lokacin da nisa ya ninka, desibel 6 ke zubewa. Shi ya sa wanda ya san inda zai ajiye ƙananan baful huɗu yake kunyata mai dodon baful biyu.

Ni da kuɗina na sayi wannan darasi. Ina yaro a wani biki a Yamai, na ga mutane sun yi yawa, sai na jera baful huɗu masu om 8 (om shi ne ma'aunin yadda baful ke tare wutar lantarki) a kan baki ɗaya na ampili, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ban san cewa biyu suna komawa om 4, huɗu kuma om 2 ba, ampilin kuwa ba a ƙera shi ya ɗauki ƙasa da 4 ba. Ana shigo da amarya muka ji ƙaurin ƙuna, wuri ya yi tsit, sai guɗar wata tsohuwa da ba ta san abin da ya faru ba. Wata huɗu ina biya. Lissafin da zai cece ni layi ɗaya ne, a shekarar farko ake koyar da shi.

Sauran darussan za ka ci karo da su a hankali: gurnanin da ke shiga baful daga wutar lantarki, wanda ke kaɗawa sau 50 a sakan, da kukan da ake kira larsen idan mikiro ya ji muryar baful ɗinsa, da yadda siminti da kwano ke maido da murya a masallaci, da yadda kwamfuta ke yanka sauti sau 48,000 a sakan don aikin bidiyo. Akwai kuma horar da kunne, wanda babu littafin da zai yi maka shi.

Wurin zuwa ya danganta da abin da kake nema. In burinka ka kama aiki a gidan rediyo ko talabijin, makarantar IFTIC da ke Yamai tana horar da masu ɗaukar hoto da sauti. A Wagadugu akwai ISIS, makarantar hoto da sauti ta harkar fim. In kuwa so kake ka zama mai tsara sautin zaure, mai buɗe ampili ya gane ciwonsa, to ka kama fizik a Jami'ar Abdou Moumouni ko fannin lantarki a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, daga baya ka ƙware a sauti. A Faransa makarantar Louis-Lumière tana ɗaukar ɗalibai ne da konkur bayan shekara biyu da bak, kujerun kaɗan ne. Kowace ka nufa, kafin ka biya ko dala, ka ce a nuna maka sutudiyo, ka tambayi ɗaliban sau nawa hannunsu ke taɓa teburin haɗa sauti a mako. Da ni ne kai, hanyar fizik da lantarki zan bi, don hannu kana da shi, dalilin ne ba ka da shi. Kuma kada ka yar da maigidanka, duk hutu ka koma ka ɗauki waya.

Ga Baba, ka faɗa masa gaskiya: albashin wata-wata yana gidajen rediyo irin su Muryar Sahel da rediyon karkara da zaurukan taro, amma yawancin aikin na kwangila ne, yau akwai gobe babu. Ka kuma ambata masa Moussa Hamidou, ɗan ƙasar nan da ya yi shekaru yana ɗaukar sauti a finafinan Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim.

Abu guda da ya dame ni a wasiƙarka shi ne shekaru ukun nan gindin baful. Ƙarar desibel 85 awa takwas ce iyakarta a yini, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu, ka ga a desibel 100 minti 15 ne kawai. In kana kwanciya bayan biki kana jin wiii a kunne, ɓarna ta fara, jin da ya tafi ta wannan hanya kuma ba ya dawowa. Ka nemi abin toshe kunne a famasi kafin bikin Asabar mai zuwa, in ka zo Yamai rajista kuma ka biya wurin likitan kunne ya auna maka jinka.