Ga 'yar uwar da ke tambayar bambancin noila da maja

Wayyo 'yar uwa, kin taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Kin ce an saida miki tsaki da sunan noila, kajin haɗin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, ga shi sun wuce sati 6 sai dogayen ƙafafu da tsalle-tsalle, babu nama. Ni dai a ganina maja, wato mazan kajin ƙwai, aka haɗa ki da su.

Ana saura 'yan watanni Babbar Sallah wani mai saida tsaki a nan cikin Katsina ya yi mini haka. Mutum da furfurarsa, yana kirana Hajiya, har da rantsuwa cewa burola ne, wato kajin nama, a cikin kwandon roba ya miƙo mini su, wai katan ɗin ya jiƙe a mota. Kuɗin adashena na zuba. Na yi ta ɗura musu abinci buhu bayan buhu, su kuwa sai haye katanga, da asuba su cika gida da cara, kaf zakaru ne. Da na koma ko kallona bai yi ba, yana ta danna waya, wai ni ce ban iya kiwo ba. A gaban mutane fa! A keke Napep na yi kukana. Har yau in na bi ta layin sai na kau da kai. Allah ya isa, ban yafe ba.

Maja ai mazan kajin ƙwai ne da masu ƙyanƙyasa ke warewa su saida da araha. Jar kazar ƙwai irin ISA Brown, ranar ƙyanƙyasa matan jaja-jaja suke, mazan farare, to waɗannan fararen ake cusa wa mutane a matsayin burola. Baƙaƙen kuma namijin yana da ɗigon fari a ka, in ya girma ya zama wake-wake, shi ne ake cusa wa mutane a matsayin noila. Kada ki bi launi sam, don noila kanta launi-launi take zuwa, haka kuroila ta Indiya da Sasso ta Faransa. Ki ɗauki tsakon a hannu. Noila da burola ƙafarsu kauri gare ta, ƙirjin da faɗi, kina jin nauyi a tafinki. Burola a sati 6 tana kai kilo 2 in ta samu abinci, ko tashi daga bakin mazubi ba ta son yi. Noila sai wata 3 zuwa 4. In kuma katan 50 ya fito kusan duk zakaru, magana ta ƙare, don noila maza da mata ake haɗawa.

Kuma don Allah ki daina sayen tsaki a kwando. Kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo su ke fitar da noila, ki ce sai kin ga katan da sunan kamfani da rasit. Masu sa wa kazar gida ƙwan noila su ma su sani, 'ya'yan ba sa fitowa daidai da iyayen, haɗi ne.

Naki kuma kada ki zubar da su da asara. Ki rage abincin kanti, ki haɗa da dusa da ganye ki sake su a tsakar gida, suna da juriya, kuma wajen wata 6 masu son nama mai tauri za su saya. Kin yi musu rigakafin Gumboro da Lasota kuwa? Turo hoton ƙafafunsu mu gani.