Ku Tambaya Mu Amsa: Yara sun nace sai lambu, gidan kuma duk siminti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni uwa ce mai yara uku a nan Gusau, babban shekararsa 9, autar kuma 4. Tun da aka sa su shuka wake cikin gwangwani a makaranta suka hana ni sakat wai sai mun yi lambu. To gidan haya muke, tsakar gida duk siminti, ruwa kuma sai mun saya wurin 'yan garuwa. Mun gwada tumatir wajen watan Afrilu, ya yi fure ya kakkaɓe ko ɗa ɗaya bai yi ba, har sun fara tsokanata wai hannun Mama ba ya auki. Don Allah ya zan yi? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki gaya musu hannunki lafiyarsa lau, lokacin ne bai dace ba. Tumatir ba ya jure zafin Maris da Afrilu irin namu, furen zubewa yake yi, shi ya sa masu noman rani a Bakalori suke kama shi da sanyi. Ki bar shi sai wajen Nuwamba.

Kuma gaskiya ni ba zan fara wa yaro da tumatir ba ko da hunturu ne, yana da jan rai, shi kuwa yaro in ya yi sati yana leƙa buhu bai ga komai ba shi kenan ya koma kan wayarki. Ki ba su abin da ke fitowa da wuri. Wake kwana uku zuwa biyar ya ɓullo. Alayyafo wata ɗaya kin fara tsinka, in kin yanke sama ya sake tohowa. Kuɓewa wajen wata biyu, ga sure da rama su ba ruwansu da wahala. Kowane yaro ki ba shi buhunsa a rubuta sunansa da gawayi ko fenti, kuma don Allah in ya zuba iri a karkace ki ƙyale shi, mu iyaye mata mun iya karɓe aikin yaro mu gyara har ya zama namu, daga nan sai ki ga ke kaɗai ke ban ruwa suna kallo. Ranar da aka yi miya da alayyafon babban, ki faɗa a gaban babansu.

Siminti ba matsala ba ne. Buhun shinkafa da ya ƙare, tsohon bokitin fenti da aka wanke tas, jarka da aka yanke, duk sun isa, ki dai huda ƙasansu ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki haɗa ƙasa da busasshen kashin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu. Ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi.

Maganar ƙasa kuwa sai na ɗan tsaya, tunda Zamfara muke. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 ba a yankunan Anka da Bukkuyum, da ta kashe ɗaruruwan yara saboda ana niƙa dutsen zinare cikin gidaje. Kada ki yarda a kawo miki ƙasa daga inda ake niƙa ko wanke zinare, ko daga bola da wurin masu gyaran batir. Ta gona ko ta fadama za ki nema, sannan a wanke hannu da sabulu bayan aiki, musamman autar da komai sai ta kai baki.

Ruwa: ki aje baho inda ake alwala, da na wankin shinkafa da ganye, zai ishi buhu huɗu ko biyar. Ban da mai omo. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, kuma ragowar kada ta kwana a buɗe saboda sauro da ita ƙaramar. Ki hana su cusa hannu ƙarƙashin buhu, kunama na son sanyin wurin.

TAMBAYA: Anti, 'ya'yana sun shuka zogale da kuɓewa a bayan ɗaki amma kaji da akuyar kishiyata sun hana su tashi, ga wasu ƙwari suna huda ganyen. In sayo maganin feshi? Daga Ƙauran Namoda.

AMSA: A'a, kar ki kawo maganin feshi inda yara ke tsinka suna ɗanɗanawa. Ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace, su yayyafa da yamma duk bayan 'yan kwanaki, ko a barbaɗa toka kaɗan. Tsutsotsin da ake gani da ido kuwa su tsince su ba kajin. Akuya kuma ba sai an yi shari'a ba, kafa sanduna huɗu ki zagaye da tsohon gidan sauro ko zana, in kuɓewar ta yi ki aika wa abokiyar zaman taki da kwano guda, wataƙila ta ɗaure akuyarta da kanta.