Abin da ke tayar da dala kafin labari ya tabbata

Yarona, ka tambaye ni yadda dala take tashi da hantsi alhali ba abin da ya auku cikin dare. Farashin da mu 'yan canji muke faɗa a nan Broad Street ta Legas rabinsa tsammanin gobe ne.

Dubi ɗan kasuwar Alaba da zai biya kuɗin kwantena wata mai zuwa. Da ya ji ƙishin-ƙishin za ta tashi, yau zai kira ka. Mai dala a aljihu kuma, wanda jiya yake roƙon ka karɓa, sai ya ce bari ya ɗan dakata. Masu saye sun ƙaru, masu sayarwa sun janye, ta tashi. Kowa ya ce ai dama na faɗa, ya ƙara saye.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan wannan. John Muth a 1961 ya kafa ra'ayin cewa mutane na amfani da duk bayanin da ke akwai, hasashensu ba ya karkata gefe guda. Waɗansu suka ce a'a, a hankali mutum yake koyo, kuma abin da ya gani kwanan nan ya fi masa nauyi. Ni na fi yarda da na biyun, domin shi nake gani kullum.

Bayan Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, wato ya bar kasuwa ta yanke mata farashi, wata bayan wata dala sai hawa take, har mutane suka haddace cewa ba ta sauka. A Fabrairun 2024 ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Har wanda ba shi da tafiya, ba shi da kaya a teku, ya kwashi jarinsa ya saya. Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 22.75, ya soma sayar wa 'yan canji dala, kafin tsakiyar Afrilu ta dawo wajen 1,100. Waɗanda suka ga 2017, lokacin da ta kai 520 ta sauko ƙasa da 400, yawancinsu sun yi taka-tsantsan. Sababbin shiga ne suka ƙone, kuma ina tausayinsu har yau.

Saboda haka duk wanda ya zo saye, cikin ladabi ka gano me zai yi da ita: kuɗin makaranta ne, kaya ne, ko ajiya. Ranar da ka ga masu ajiya sun fi yawa, kada ka kwana da dala mai yawa a hannu sai ka kira ni tukuna.