Tambayi Likita: Ɗaurin gidan yari yana raba mutum da ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 24 yana gidan gyaran hali wata biyar ke nan, tiramol ce ta kai shi ga sata. Da na je ziyara ya ce ana tara su ana tattaunawa kan shaye-shaye, amma shi ya ƙi zuwa, wai surutu ne kawai. Tunda yanzu ba ya sha, ai ya warke ko? Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya shirya mana shi. Ba zan ɓoye miki ba, bai warke ba tukuna. Idan mai shan tiramol ya daina, jikinsa ne ke fara bore: gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, hamma, yoyon hanci, rashin barci. Wannan yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Abin da ke daɗewa shi ne ƙwaɗayin da ƙwaƙwalwa ta saba da shi, da kuma dalilin da ya sa ya fara tun asali. Wani aikin ƙarfi ne ya kai shi, wani majalisa, wani baƙin cikin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Katanga tana hana hannu kaiwa ga ƙwaya, amma duk waɗannan suna nan suna jiransa a waje.

Zaman da yake rainawa an yi shi ne don wannan. Akan tara mutum takwas zuwa goma sha biyu tare da mai jagoranta wanda ya samu horo, su yi kamar awa ɗaya. Kowa ya gano abin da ke tunzura shi, wane lokaci, wane wuri, wane aboki. Har gwaji ake yi: wani ya zama dila yana miƙo kaya, kai kuma ka koyi yadda za ka ce a'a ka bar wurin.

Na taɓa zama a gefen tabarma a irin wannan da'ira. Wani matashi ya yi mako uku bai ce uffan ba, kansa a ƙasa yana wasa da silifas. Ranar da ya buɗe baki cewa ya yi, "Ni fa ba ni da matsala, don in ji ƙarfin aiki nake sha." Wani dattijo da ke kusa da shi ya dube shi ya ce, "Ƙanena, ni ma haka na ce, har ranar da na sayar da keken ɗinkin matata." Yaron ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Da ni na faɗa masa, da cewa zai yi likita bai san rayuwa ba. Namiji yana iya rufe likita da ƙarya, amma da wuya ya rufe wanda ya sha abin da ya sha.

A Amurka, tun ƙarshen shekarun 1970 wasu gidajen yari a New York, daga baya a Delaware, suka ware ɓangare guda don irin wannan magani na haɗaka. Da aka bi sawun waɗanda suka fito, an ga sun fi sauran tsira daga komawa shaye-shaye da komawa ɗauri, musamman waɗanda suka ci gaba da zuwa zama bayan an sake su. A nan gida ma, dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta ɗora mata nauyin gyara mutum, ba tsare shi kaɗai ba. Don haka Hajiya, in kin koma ziyara kada ki yi masa faɗa. Ki ce ya je sau huɗu saboda ke, ko da ba zai yi magana ba. Ki kuma nemi ganin jami'in walwala na gidan ki ji yadda tsarin yake.

Tambaya: Likita, maigidana zai fito wata mai zuwa bayan shekara guda. Da yana shan kodin da tiramol. Me ya kamata in shirya? Daga wata matar aure, Daura.

Amsa: Malama, kin yi tambaya a kan gaɓa, domin makonni biyu na farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Jikin da ya shekara bai sha ba ya rasa juriyar da yake da ita. Idan ya zame ya sha adadin da ya saba sha a da, yana iya tsayar masa da numfashi, balle in ya haɗa da roci ko diyazefam. Ita tiramol kuma tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki faɗa masa wannan tun kafin ya fito, cikin natsuwa.

Idan kika ga ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashi sama-sama ko da minshari mai nauyi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ki kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi. Sannan ki haɗa kai da iyayensa a samo masa abin yi tun makon farko, kada ya wuni a tsohuwar majalisa da kuɗi a aljihu.

Tambaya: Ƙanena ya fito sau biyu, sau biyu yana komawa wiwi da sholisho. 'Yan'uwa sun ce a kai shi gidan mari. Daga wani magidanci, Rafindadi.

Amsa: Malam, don Allah kada ku kai shi. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutum 67 daga irin wannan gida a Daura, wasu da sarƙa a ƙafa. Duka da mari suna ƙara wa mutum ƙunci, ƙuncin kuma shi ke mayar da shi ga maye. Komawa bayan an daina ba ya nufin magani ya ƙi. Mai hawan jini ma yakan koma asibiti a gyara masa magani. Kuma ba gidanku kaɗai ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. Ku fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti, ko asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma tana da sashen ba da shawara. Addu'a da nasihar malamai ku riƙe su, ku haɗa da asibiti.

Tambaya: An kama abokina jiya, kuma kullum yana shan diyazefam. In sanar da jami'an da ke tsare da shi?

Amsa: Ƙwarai kuwa, yau ɗin nan. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko giya, yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Diyazefam rage shi ake yi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiyar wurin sunan ƙwayar, nawa yake sha a rana, da lokacin da ya sha na ƙarshe.